Daga Azara Zuwa Rodi: Waiwaye Kan Mai Sayen Kayan Gini a Birnin Zariya

Duk wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka ya nufi Babban Dodo, in ya rage sauri ya leƙa lunguna, zai ga ragowar kududdufai nan da can. Wasu na nan da ruwansu da gansakuka, wasu sun zama juji, wasu kuma an cike su an ɗora gini a kai. Daga waɗannan ramuka aka haƙo birnin. Kowane tsohon soro da zaure da katanga da ke tsaye a Kwarbai ko Kaura ko Limancin Kona, ƙasarsa daga wani rami na kusa ta fito, kuma a ranar da aka fara haƙa akwai mutumin da ya tsaya a bakin ramin, ya damƙi ƙasar a hannunsa, ya ce wannan ta yi, waccan a bar ta. Ba a cika tunawa da wannan mutum ba idan ana yabon gini, alhali hukuncin da ya yanke a bakin rami shi ke sa soro ya shekara ɗari ko ya zube a damina ta uku.

A manyan kamfanonin gine-gine na yau, a Abuja ko Legas ko Dubai, wannan aiki yana da ofishinsa da shugabansa. Shi ke neman farashi, ya tace 'yan kasuwa, ya ƙulla yarjejeniya, ya tabbatar siminti da ƙarfe sun iso wurin aiki ranar da ake bukatarsu. Da yake kuɗin kaya ne ke cinye kaso mafi tsoka na kuɗin gini, riba da asarar kamfani ta teburinsa suke bi. A Zariya ta dā ba a ware wa aikin mutum na musamman ba. Magini ne ke riƙe da shi tare da awo da zane da ɗaurin baka, kuma a cikin maginan ƙasar Hausa babu wanda sunansa ya kai na Babban Gwani.

Wasu na kiransa Malam Mika'ilu, wasu Muhammadu Durugu. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma ana cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya ba shi laƙabin da ya danne sunansa na yanka. Aikinsa bai tsaya a Zazzau ba. A fadar Bauci akwai soron da ake kira da sunansa, gidan Madaki na Kafin Madaki ma shi ake danganta wa, kuma yana cikin gine-ginen da gwamnatin tarayya ta sa a jerin kayan tarihin ƙasa. Labarin baka ya ƙara masa ado iri-iri: wai da dare yake gini shi kaɗai, wai wani sarki a Birnin Gwari ya sa aka kashe shi bayan ya gama masa aiki don kada ya gina wa wani irinsa. Ko ma mene ne gaskiyar waɗannan, sun nuna yadda mutanen zamaninsa suka ɗauke shi. Zuriyarsa ta ci gaba da riƙe sarautar Sarkin Magina a Zazzau, kuma har gobe akwai gida da unguwa a cikin birni da ake kira da sunan Babban Gwani.

Masu zuwa kallon aikinsa bakan gizo da tulluwa suke ɗaga kai su gani, da zanen da ke jikin ginshiƙai. Amma kafin a ɗaura baka ko ɗaya, sai an yi watanni ana tara kaya, kuma a nan ne gwanintar ta fara.

A ɗauki azara. Daga giginya ake samunta, kuma magina sun fi son tsohon namiji, wanda ya daɗe a fadama har jijiyoyinsa suka yi baƙi suka yi tauri. Ana sare shi a tsaga shi tsawo-tsawo, a zubar da ɓargon tsakiya mai laushi, a bar ɓangaren waje wanda gara ba ta iya ci. Maginin da ya san aikinsa ba ya karɓar azara sai ya juya ta ya dubi launinta, ya ɗaga ya ji nauyinta, ya ƙwanƙwasa ya saurari amonta. Wadda ta yi fari-fari ko ta yi sakwat a hannu, ko kyauta ce ba ya so, don ya san ranar da za ta karye yana iya kasancewa akwai mutane a ƙarƙashinta. Azara guda ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa a faɗin da ya wuce kamu huɗu ko makamancin haka, shi ya sa duk faɗin soron da ake gani, dabarar jera gajerun azara ce, ana fito da kowace gaba kaɗan a kan ta ƙasa, ana ɗaurewa da igiya, ana lulluɓewa da ƙasa, har ƙafafun bakan su haɗu a sama. Gini irin masallacin Zariya ya ci azara mai ɗimbin yawa, ga shi giginya ba a tsakar birni take ba. Sai an aika daji da bakin koguna, an san wane ƙauye ke da tsofaffin itatuwa, wa zai sare, wa zai ɗauko a ka, kuma duk a gama cikin rani kafin ruwa ya sauka.

Ƙasa ma ba ɗaya ba ce. Akwai wadda ta dace da tubali, akwai ta kwaɓin da za a ɗora tubalin da shi, akwai ta yaɓe. Jakuna ke kawo ta a mangala, a jiƙa, a zuba yankakkiyar ciyawa, a tattaka da ƙafa, a bar ta kwanaki ta ruɓa, a sake tattakawa. Wanda ya yi gaggawa a wannan mataki, bango zai tona masa asiri.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne kayan kare gini daga ruwa, domin a nan ake ganin yadda sana'o'in birni suke riƙe da juna. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, wanda ake tarawa bayan an cire gari da kalwa. Laso kuwa, wanda ake shafe rufi da shi ya hana yoyo, haɗi ne na katsi daga marina, da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi daga daji. Ke nan Sarkin Magina sai ya yi hulɗa da marina da majema da matan ƙauye masu tara ɗorawa da masu jakuna da masu tufka igiya. Abin da wata sana'a ta zubar, shi ne kayan aikin wata. Babu rasit, babu takardar oda, amma kowa ya san wa ke kawo mai kyau, wa ke algus, kuma wanda aka kama sau ɗaya ya gama cin kasuwa a wannan unguwa.

Bai kamata a yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Manyan gine-ginen ƙarni na sha tara da gumin bayi suka tsaya, kuma Zazzau na cikin masarautun da suka fi yawan rinji. Talakawa ma ana fito da su aikin ganuwa ko sun so ko ba su so ba. Idan fada ta bukaci azara, ba kullum ciniki ake yi ba, umarni ne ke tafiya ta hannun hakimai da dagatai. Arahar ginin sarakuna, wasu ne suka biya ta da wuyansu, kuma duk mai kewar dā ya kamata ya riƙe wannan a ransa.

Sai dai akwai abu ɗaya da tsarin ya tanada wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Wanda ya zaɓi kayan shi ne wanda ya yi ginin, shi ne kuma wanda za a aika a kira idan ya tsage. Gidansa sananne ne, ubansa sananne ne, 'ya'yansa su za su gaji sana'ar da sunan. Yana salla a ƙarƙashin rufin da ya ɗaura. Bayan haka, ginin ƙasa ba a gama shi a juya baya. Kowace shekara, da kaka ta wuce, ana duba rufi, a share indararo, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe, saboda haka sayen kaya ba ya ƙarewa ranar da aka buɗe gini. Maigida ya san akwai kuɗin makuba da na laso a cikin hidimar shekara kamar yadda ya san akwai na hatsi.

Turawa sun shigo Zariya a 1902, amma abin da ya girgiza sana'ar gini shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso a 1911 a kan hanyarsa ta zuwa Kano. Tasha ta haifi Sabon Gari, kamfanonin Turawa irin su John Holt da Paterson Zochonis suka kafa kantuna, har yau kuma ana kiran wannan yanki PZ. Jirgin da ke kwasar auduga da gyaɗa zuwa teku shi ke dawowa da kwano da siminti da ƙusa da fenti daga Ingila. A karon farko kayan gini ya zama abin da ake yi a wata duniya, wanda magini bai ga inda aka haƙo shi ba, bai san wanda ya sarrafa shi ba, iyakarsa ya karanta tambari ya biya.

Gwamnatin mulkin mallaka ta zo da nata tsarin. Ma'aikatar ayyuka, wato PWD, tana rubuta abin da take bukata a aika Landan, wakilan Crown Agents su saya su turo. En'e ma ta samu baitulmali da kiyasin shekara da sashen ayyuka, aka fara ajiye sito da littafin shiga da fita. Nan aka samu sabon mutum a harkar gini: malamin sito, mai alƙalami a kunne, wanda ya san adadin buhunan da suka shigo amma ba lallai ya taɓa riƙe cebur ba. Daga nan aikin da ke hannun mutum ɗaya ya fara rabuwa. Mai zane daban, mai lissafi daban, mai saye daban, mai gini daban.

Cikin ganuwa dai an daɗe ana riƙe da ƙasa. Maginan birni sun karɓi siminti a matsayin kayan ado tukuna, suna shafe fuskar zaure da shi, suna zana dagi da takobi, har da keke da mota da jirgin sama. Wani Bajamushe mai binciken gidaje, Friedrich Schwerdtfeger, ya yi aiki a cikin birnin a ƙarshen shekarun 1960, ya auna gidaje, ya bi diddigin masu gini da masu zane, kuma abin da ya rubuta yana cikin shaidun da suka rage na yadda fuskar Zariya take a lokacin. Amma a waje da ganuwa duniya ta riga ta juya. Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, Kwalejin Barewa ta ƙaura zuwa Zariya a 1949, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962. Waɗannan ayyuka ne na kankare da ƙarfe da gilashi, na manyan kamfanoni da takardun tanda, kuma 'ya'yan magina da yawa sun bi su suka zama birkiloli.

Siminti ma ya fara zama ɗan gida. An buɗe masana'antar Nkalagu a 1957, ta Ewekoro a 1960, ta Sakkwato ta biyo baya cikin shekarun 1960, ta Ashaka kuma a ƙarshen shekarun 1970. Duk da haka bai isa ba, musamman da kuɗin man fetur ya ɓarke bayan 1973, ga kuma ƙarin albashin Udoji da ya sa kowane ma'aikaci ya fara mafarkin gidan bulo da kwano.

A nan ne Nijeriya ta ga abin da sayen kaya ba bisa ƙa'ida ba ke iya jawowa ƙasa guda. Tsakanin 1974 da 1975 hukumomin gwamnati suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, mafi yawansa da sunan ma'aikatar tsaro, alhali tashar jiragen ruwa ta Legas ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a teku, wasu na watanni, ana biyan su kuɗin jira kowace rana, simintin wasu ya sha danshi ya daskare a cikin jirgi. Abinci da magunguna suka rasa hanyar shigowa. Badaƙalar na cikin abubuwan da suka zubar da mutuncin gwamnatin Janar Gowon kafin a hamɓarar da ita a Yulin 1975. Babu injiniyan da ya yi kuskuren awo a wannan lamari, babu birkilan da ya karkatar da bango. Masu sa hannu a takardar saye ne suka yi ɓarnar.

Tun daga wannan zamani kalmar kwangila ta fara ɗaukar wani wari. Cin hancin kashi goma cikin ɗari ya zama abin da ake faɗa ba kunya. Mutumin da bai san bambancin yashin kogi da turɓaya ba yana iya samun aikin gina makaranta, ya sayar da takardar ga wani, wanin ya sayar ga na uku, kowa ya yagi rabonsa, abin da ya rage shi za a sayi kaya da shi. Na ƙarshen ba shi da inda zai matse sai jikin siminti da rodi.

Zariya kuma ita ce ta horar da da yawa daga cikin waɗanda aka sa ran za su gyara. Jami'ar Ahmadu Bello na cikin wuraren farko a ƙasar nan da suka fara ba da digiri a fannin ƙididdigar kayan gini da kuɗinsa, sana'ar mutumin da zai dubi zane ya faɗa maka buhu nawa, rodi nawa, tipa nawa, tun ba a haƙa harsashi ba. Sananne a cikin ɗalibanta shi ne Malam Nasiru El-Rufa'i, tsohon ɗalibin Barewa, wanda ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya, ya kafa kamfaninsa na wannan sana'a a 1982, ya yi shekaru yana lissafin manyan gine-gine kafin ya shiga gwamnati, ya riƙe hukumar sayar da kadarorin gwamnati, ya zama ministan Abuja daga 2003 zuwa 2007, sannan gwamnan Kaduna daga 2015 zuwa 2023. Ra'ayin jama'a ya rabu a kan mulkinsa, a Zariya ma haka, amma tafiyar rayuwarsa ta nuna inda sana'ar ta koma: daga bakin kududdufi zuwa teburin lissafi, daga can zuwa kujerar da ake rubuta doka. A 2007 gwamnatin tarayya ta kafa dokar sayen kayan gwamnati da hukumar da ke kula da ita, Jihar Kaduna ta yi tata a 2016. Dokokin sun tanadi a tallata aiki, a buɗe tanda a bainar jama'a, a ajiye shaida. Ci gaba ne na gaske, kuma wanda ya san yadda ake raba kwangila a zaure a da ba zai raina shi ba. Amma takarda ba ta ƙwanƙwasa azara. Ana iya cika kowane sharaɗi a fayil, kayan da aka sauke a wurin aiki su kasance wasu daban.

Shi ya sa har yanzu aikin yana komawa ga ido da hannu. A je duk inda ake gina jerin shaguna a Tudun Wada ko kan hanyar Ƙofar Gayan da sassafe, a ga mai karɓar kaya idan na kirki ne. Tipa ta juye yashi, sai ya tsuguna ya damƙi ɗan kaɗan ya murza. In ya bar jan tabo a tafinsa ko ya dunƙule, akwai laka, ya ce a kwashe. Rodi ya iso an ce mai milimita 12 ne, sai ya fito da ma'auni, don ya sha ganin wanda aka rubuta 12 ya tashi 11 ko ƙasa da haka, tsawonsa ma bai cika mita 12 ba. Ya lanƙwasa guda ya ga ko zai tsage. Ya ɗaga buhun siminti ya ji ko ya cika kilo 50, ya dubi ɗinkin bakinsa ko an farke an rage an sake ɗinkewa, ya danna gefe ya ji ko ya fara ƙullutu. Bulo kuwa, ya ɗauki ɗaya ya saki daga tsayin ƙirji. In ya watse kamar garin kwaki, an san mai bulon ya ja buhu ɗaya ya fitar da abin da ya kamata buhu biyu su fitar. Ya ƙirga kwano falle-falle ya ga ko bandir ya cika ashirin. Direba na ƙorafi, dillali na cewa, "Haba Alhaji, kowa haka yake karɓa," shi kuma ya ce a mayar.

Irin wannan mutum yana shan matsi ta kowane ɓangare. Mai gini na son araha, ɗan kasuwa na miƙo masa na goro a ɓoye, farashi kuma ba ya zama wuri ɗaya. Bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023, buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, har gwamnati ta kira Dangote da BUA da Lafarge zaman sulhu a kan farashi. Lissafin da aka yi a watan Muharram ba ya kai Safar. Mai saye ya koyi biyan kuɗi tun kaya ba su iso ba, ya koyi kiran 'yan kasuwa biyar a waya kafin ya yanke, ya koyi sanin ranar da tirela za ta taso daga Obajana ko Sakkwato. A dā iliminsa na daji ne da fadama, yanzu na kasuwa ne da canjin dala. Abin da bai sauya ba shi ne araha ba ta ado, kuma rayukan waɗanda za su zauna a ƙarƙashin dakin suna hannunsa ko da ba zai taɓa sanin sunayensu ba. Benen da ya rufta a Ikoyi a Nuwamban 2021 ya kashe mutum sama da 40, wanda ya faɗi a titin Beirut na Kano a Agustan 2022 kuma a tsakiyar kasuwa ya faɗi.

A cikin birni sauyin ya bi ta wata hanya mai ban tausayi. Zauruka da yawa da ke bakin titi an fasa su an fitar da shaguna masu ƙofar ƙarfe, kuma ba za a zargi magada ba, gida ya cika da mutane, haya kuma tana ciyarwa. Kududdufan da aka cike sun hana magini ƙasa a kusa, sun kuma hana ruwan sama wurin zuwa, sai ya kwanta a gindin katangu. Marina sun mutu, katsi ya yi wuya. Giginya ta ja baya, azarar kirki ta yi tsada, wadda ake samu sau da yawa ɗanya ce. Mai tsohon soro da ke son ya gyara shi yadda kakansa ya yi, ko yana da kuɗi sai ya sha wahalar neman kayan da wanda ya iya haɗa su. Abin da ya fi sauƙi shi ne ya sayi siminti ya shafe bangon ƙasa da shi, ya huta da yaɓen shekara-shekara. Nan kuwa matsala take, domin siminti da ƙasa ba sa kama juna. Da ya tsage ruwa zai shiga ta baya, ya rasa hanyar fita, ƙasar ta yi ta jiƙa a ɓoye, gara ta samu wurin zama, daga waje kuma bango na nan sumul.

Masallacin Babban Gwani ma bai tsira daga wannan zamani ba. A shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin da sabo na siminti don a samu wurin da zai ɗauki jama'a, wasu sassan da ke harabar suka tafi, babban ɗakin sallar ya rage a ciki. Kafin haka wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi ciki da waje, kuma da wannan awo aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Farfesa Hamman Tukur Sa'ad ma ya zauna da maginan ƙasar Hausa ya rubuta digirinsa na uku a kan fasaharsu a 1981. Ilimin yana nan a rubuce. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu yin sa da hannu, da kuɗin da aka ware don kulawa ta kullum.

Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, ana sallar La'asar, wani sashe na rufin masallacin ya rufto a kan masallata, aƙalla mutum bakwai suka rasu, wasu da dama suka jikkata. Allah Ya jiƙansu. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an lura da tsaga a jikin ginin kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi su duba sai abin ya faru. Ginin ya kusa shekara 190 a lokacin. Azarar da aka zaɓa a zamanin Abdulkarimu ta yi abin da aka saye ta ta yi, har ta zarce. Bayan haka aka kafa kwamitin sake gini, aka yi gidauniya, attajirai da gwamnatoci suka yi alƙawarin biliyoyin naira.

Biliyoyin nan, da na kowace kasuwa da makaranta da asibiti da za a gina a Zazzau, ta hannun wani mai saye za su bi. Ya kamata a san sunansa kamar yadda aka san na mai zane, a rubuta shi a allon aiki, a ba shi ikon mayar da kaya ba tare da an kore shi ba, a kuma iya nemo shi bayan shekara goma. Ya kamata kowane kiyasin gini ya zo da kason gyara na shekara-shekara tun daga farko. Tsofaffin sorayen da suka rage a cikin ganuwa kuwa, masarauta da jami'a da hukumar kayan tarihi suna da abin yi tun yau: a nemo dattawan gidan Sarkin Magina da sauran maginan da suka san haɗin laso da zaɓen azara, a haɗa su da ɗaliban Samaru, a biya su kamar yadda ake biyan malamai, a kuma dasa giginya. Itacen yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya isa sara, saboda haka azarar da za a gyara soron fada da ita nan gaba, yanzu ne lokacin shuka ta.